Namadi Ya Yi wa Karen Surukinsa Faci

In kana neman wanda ya fi kowa sanin komai a Gwandu, kada ka wahalar da kanka zuwa zauren malamai, ka zo bakin tasha ka tambayi Namadi mai faci. Ni Habibu, rumfata ta cajin waya tana manne da tasa, kuma kunnuwana sun sha abin da ba su roƙa ba. Namadi ya san dalilin da ya sa jirgin sama ba ya faɗowa, ya san maganin basir, ya san wanda zai ci zaɓe tun ba a buga ƙuri'a ba. Taya kuwa in ya yi mata faci da safe, da la'asar za ka ga mai ita ya dawo yana turo babur yana zage-zage.

Abu ɗaya ne ke ci masa rai a duniya, shi ne surukinsa. Baba Umaru, mahaifin matarsa Tasalla, babban maharbi ne a Wurogauri can ƙasar Kalgo, shi ke jan mafarauta in za a shiga daji. Sauran surukan tsohon duk mazan dawa ne, masu kawo masa cinyar gada. Namadi kuwa, tun da aka ɗaura aure tsohon bai taɓa aikensa ko sayen goro ba. In aka tambaye shi sana'ar mijin Tasalla sai ya ce, "Iska shika saidawa." Maganar nan ta dawo kunnen Namadi, ta zauna masa a ƙirji ta ƙi sauka.

Ana cikin bazara, an kusa fita babbar farautar gayya, sai tafiya ta kama tsohon zuwa Kamba ta'aziyya. 'Ya'yansa maza sun tafi ci-rani, matan gidan kuma babu mai iya kusantar karensa Duna, wani baƙin kare dogo mai ɗamammen ciki da tsohon ke ji da shi kamar ɗan cikinsa. Tasalla ta yi ta roƙo a waya har uban ya yarda a ba mijinta riƙon karen zuwa ranar farauta.

"Habibu, rufe rumfa!" in ji Namadi, yana karkaɗe hula. "Yau anka san da ni. Tashi ka raka ni."

Muka hau babur sai Wurogauri. To ka san mu da kunyar suruki, amma ta Namadi ta wuce misali. Tun daga bakin masallaci ya tuɓe takalma. Tsohon yana zaune a ƙofar zaure bisa buzu, Duna kwance a gefensa. Namadi ya zube can nesa, inda ko jifa ka yi da ƙyar ta kai, ya dunƙule hannu, ya kafa ido a ƙasa. Ni kuma ina bayansa ina riƙe da babur. Ga injin niƙa a maƙwabta yana ta ƙara kamar zai tsaga gari.

Baba Umaru mutum ne mai magana ƙasa-ƙasa. Ya yi ta bayani, yana nuna karen, yana nuna ƙasa, yana ɗaga yatsa. Ni dai bakinsa kawai nake gani yana motsi. Namadi kuwa sai zuba amsa yake yi.

"To, Baba. Na'am, Baba. In sha Allahu. Ƙwarai kuwa. An gama, Baba."

Aka ɗora mana Duna a tsakiya cikin babban kwando, muka kamo hanya. Da muka fita gari na ce, "Wai mi tsoho yac ce? Na ga ya daɗe shina magana."

Namadi ya yi gyaran murya. "Ka san maganar manya. Nasiha ce."

"Nasihar mi?"

"Kai Habibu, ka cika bincike! Ban ji ko harafi guda ba. To sai in matsa in zauna bisa cinyarshi? Ko in ce, Baba maimaita? Ni ɗan mutunci ne. Kuma mi za a gaya mani game da kare? Abu mai ƙafa huɗu, daidai da mota."

Muna ratsa Kalgo, wajen ƙofar jami'a, sai ga wasu mutane cikin wandunan roba suna sassarfa a gefen titi, ɗayansu yana janye da wani ƙaton karen Turawa mai gashi. Namadi ya taka burki har kwandon ya bugi bayansa.

"Ka gani? Atisaye! Ga sirrin nan 'yan boko sun ɓoye. Wallahi abin da tsoho ke ta hwaɗi ke nan. Ran farauta, Habibu, sai Duna ya riga harsashi isa. A gaban jama'a tsoho zai ce, ina mijin Tasalla, a matso da shi kusa."

A gida Tasalla ta ce bari ta kira Baba ta ji abin da ya ce a riƙa ba karen. Namadi ya fizge wayar.

"So kike shi ce kurma yab ba ɗiyarshi? In kinka kira shi, ban yahe ba."

"To Baban A'isha, Allah shi sa mu ga alheri," in ji ta, ta juya ta ci gaba da tankaɗe.

Da gari ya waye ya ɗaure Duna a gindin rumfa. Karen ya miƙe ƙafafu a inuwa ya yi ta barci, ko kuda ya sauka a hancinsa sai dai ya buɗe ido ɗaya. 'Yan acaɓan tasha suka samu abin yi.

"Namadi, wanga karen da rai kuwa?"

"A sa mashi caji wurin Habibu mana!"

"Ku yi dariya," in ji Namadi. "Injin da yad daɗe a ajiye haka shike. Bari rana ta take, ku ga aiki. Inji ba shi ba da wuta sai ya ɗau zahi."

Na ce masa ya bari sai da yamma, kwaltar nan ko ɗan'adam ba ya iya taka ta ba takalmi. Ya ce in tsaya a kan caji, shi ya tsaya a kan ƙafafu. Rana na tsaka ya ɗaura doguwar igiya a wuyan Duna, ya ɗaura ɗaya bakin a kariyar babur, ya tayar. Da fari abin ya yi kyau, Allah ya sani. Karen ya miƙe yana bin babur, kunnuwa a kwance, mutane suka fito bakin shaguna. Namadi ya ga an fito, sai ya ƙara wuta.

Ba su kai kwanar kasuwa ba muka ji kukan kare "kai! kai! kai!" Duna ya ɗage ƙafar baya ta hagu sama, ya yi tsalle-tsalle a kan uku, ya turje. Allah ya taimake shi ɗaurin Namadi irin facinsa ne, igiyar ta zame ta kai ta fita. Karen ya rarrafa gindin wata bishiyar bedi ya kwanta yana haki, harshe waje, yana lasar tafin ƙafafunsa.

Namadi bai waiga ba. Haka ya ratsa kasuwar Gwandu yana jan igiya ba kare, yana ɗaga wa mutane hannu, yana ihu, "Ku kauce! Ku ba shi hanya, shina cizo!" Mata suna kaucewa, suna duba abin da za su kauce wa. Sai da ya zagayo tasha ya tsaya, ya juya da murmushi zai shafa kan karen, ya tarar da madauki a ƙasa.

"Kun gani?" ya ce. "Har ya wuce ni."

"Ga shi can gindin bedi shina kuka," in ji Bashir mai nama.

Muka ɗauko Duna a buhu, mutum biyu. Ni dai tausayinsa ya kama ni sosai, don duk jikinsa rawa yake yi, tafin ƙafafunsa sun yi ja sun saluɓe, ta hagun nan kuwa ko ƙasa ba ya bari ta taɓa. Na ce a kai shi asibitin dabbobi yanzu-yanzu.

"Malamin dabbobin ɗan Kalgo ne," in ji Namadi. "Kahin mu dawo gida labari ya kai Wurogauri. Kuma mi za shi yi wanda ban iya ba? Ƙahwa ta sace, a nemo hujin, a toshe. Kawo baho."

Wallahi ba ƙari na yi ba. Bahon baƙin ruwan da yake tsoma tub ya jawo, ya kama ƙafafun karen yana tsomawa ɗaya bayan ɗaya, ya kanga kunne yana jiran kumfa. Duna da ya ji sanyi sai ya shige bahon gaba ɗaya ya kwanta. Jama'a suka kewaye mu. Daidai nan Malam Abduljalil na'ibin liman ya ratso zai tafi azahar, cikin farar shadda sabuwar guga. Karen ya miƙe ya girgije.

"Inna lillahi!" Malam ya daka tsalle baya, rigar ta koma kamar zabuwa. "Namadi! Ruwan kare ka watsa mani ina da alwala?"

"Allah gafarta Malam, ruwan faci ne. Karen baƙo ne cikinshi, bai daɗe da shiga ba. Alwalarka na nan daram."

"Yau kuma kai ka ba da fatawa? To ka zo ka ja sallar!"

Ranar sai da aka jinkirta azahar Malam ya je ya sake riga.

Da kumfa ta ƙi fitowa, Namadi ya ce ashe ba huji ba ne, jijiya ce ta sanƙare, zafi take so. Ya aika aka sayo man zafi, irin wanda tsofaffi ke shafa wa gwiwa, ya lafta wa karen a cinya. Duna ya juya ya lasa. Ya tsaya cak. Sai ya yi atishawa, ya zabura a kan ƙafa uku, ya bi ta ƙarƙashin bencin 'yan acaɓa, ya fito ta tsakanin ƙafafun Jummai mai awara, tire ya yi sama, awara ta watsu har cikin kwata.

"Ya warke!" Namadi ya yi kabbara. "Kun ga gudu?"

"Gudun uwaka!" in ji Jummai, ta ɗaure gyale a ƙugu, ta biyo shi da matsami. Sau biyu suka zagaya tasha kafin a raba, kuma a gaskiya ranar Namadi ya fi karen atisaye.

Da yamma ƙafar ta kumbura. Namadi ya ce yanzu ya gano, karaya ce, ɗori za a yi. Ya samo karan dawa, ya yanko robar tub. Ya kai hannu ƙafar hagu, Duna ya yi gurnani ya kai masa hafta, saura kaɗan ya raba shi da babban yatsa. Ya sake gwadawa, haka. Sai ya koma ta dama, karen ya ƙyale shi. Nan ya jera kara ya naɗe ta tam.

Tasalla ta leƙo daga ƙofar gida, ta riƙe haɓa.

"Baban A'isha, ba waccan ce mai ciwon ba?"

"Ke mi kinka sani? Wagga ce yay yarda a taɓa. Dabba ta hi ki sanin jikinta."

"To yanzu da wace za shi taka?"

"Ai shi ya sa anka ba shi huɗu."

Bai tsaya nan ba. Saboda tafin da ya saluɓe, ya zauna ya yanka tsohon tub ya liƙe da sholisho, ya yi wa karen takalma huɗu har da maɗauri. In Duna ya miƙe sai ya riƙa ɗaga ƙafa ɗaya-ɗaya yana yarfewa, kamar wanda ya taka kashin shanu. Yaran unguwa har layi suke yi a ƙofar gida. Tasalla ce kaɗai mai hankali a gidan, in mijin ya fita sai ta kwance takalman, ta ba karen ruwa da romo ta bar shi ya huta, in ta ji ƙarar babur ta mayar. Ta ce mini, "Habibu, in karen ga yal lalace, wallahi ban san da wane ido zan dubi Baba ba." Shi ma Namadin, duk cika bakin nan, na ga abinci ya daina shiga masa.

Ranar farauta aka taru a wani fili bayan Dangoma tun da hantsi. Mafarauta sun zo daga ko'ina, ga gorori, ga adduna, ga bindigogin toka, makaɗa suna ta zuga, karnuka suna ta jan igiya. Sai ga mu. Namadi ya aro rigar layu da ta yi masa yawa, ya rataya ƙaho, ya ɗauro kwando a bayan babur an rufe da zanen Tasalla.

"Ina karen Baba?" wani maharbi ya tambaya.

"Shina ciki. Sabon tsari ne. Ba a barin shi ya ƙone mai a hanya, sai an ga nama a buɗe."

Dabararsa ita ce in an watsu cikin daji ya saki karen a bayan wani kurmi, daga baya ya ce a farautar ya ji ciwo. Ya zaci sai an watsu tsohon zai iso daga Kamba, ashe ya dawo tun jiya. Muna cikin haka taro ya dare, sai ga Baba Umaru da sandarsa. Namadi ya watsar da takalma, ya ja da baya, ya ja da baya, ya zube can kusa da masu tallar ruwa.

Tsohon ya dubi kwandon. Ya sa yatsu a baki ya yi fito.

Kwandon ya motsa. Zane ya yi sama. Duna ya faɗo ƙasa, ya nufi ubangidansa yana kaɗa wutsiya yana kukan murna, takalman roba suna fat-fat-fat, ƙafar dama a sanƙare cikin kara, ta hagu a rataye. Makaɗa suka tsaya. Wani ya fara dariya a baya, sai filin gaba ɗaya ya ɗauka, har da masu faɗuwa ƙasa suna riƙe ciki.

Baba Umaru bai yi dariya ba. Ya durƙusa, ya ciro wuƙa ya yanke robar, ya cire takalman ɗaya bayan ɗaya, ya shafa ƙafar hagun a hankali yana yi wa karen magana. Idonsa ya kawo ruwa. Nan dariyar ta fara mutuwa. Ya miƙe, kuma yau kam babu injin niƙa.

"Mijin Tasalla!"

"Na'am, Baba. To, Baba."

"To ɗin mi? Ban ce maka karen ga ya yi targaɗe a ƙahwar hagu wajen bin gada ba? Ban ce a ɗaure shi inuwa, kada a bari shi yi gudu ko na korar kaza ba? Ban ce in ya huta za shi warke kahin yau ba? Kac ce mani an gama!"

"An gama, Baba," in ji Namadi, don bakinsa ya riga ya saba.

"Awo, na ga an gama."

Ana cikin wannan sai hayaniya ta tayar da wani zomo daga cikin sabara, ya ratsa fili. Kafin a saki karnuka, Namadi ya zabura ya miƙe. Ban san abin da ya shiga kansa ba, ina jin gani ya yi ga ƙofa ɗaya da ta rage masa.

"Kada a saki kare! Baba, abin da Duna za shi kamo, ni zan kamo maka shi da hannuna!"

Ya kwasa da gudu, layu suna kaɗawa, ƙaho yana dukan bayansa. Zomon ya yi gabas, Namadi ya yi wajen gabas. Bai yi nisa ba ƙafarsa ta faɗa ramin gafiya, muka ji ƙas, ya tafi da ka.

"Wayyo! Wayyo ƙahwata! Kai! kai! kai!"

Karnukan filin duka suka amsa masa.

Aka ɗauko shi, gwiwa ta juya. To duk wanda ya san mafarauta ya san babbansu shi ne mai gyaran targaɗensu. Baba Umaru ya naɗe hannun riga ya nufo shi. Da Namadi ya ga wanda ke zuwa, sai ya manta da ciwo, ya fara jan gindi yana baya-baya.

"A'a, Baba! Na warke! Habibu, gaya mashi na warke! A kai ni asibitin dabbobi!"

"Ku riƙe mani shi," in ji tsohon.

Ƙarti huɗu suka danne shi. Mutumin da bai taɓa yarda inuwarsa ta taɓa ta surukinsa ba, yau ga surukin ya naɗe masa wando har cinya a gaban mutanen gari uku, ya ɗora ƙafar a kan tasa cinyar. Namadi ya rufe fuska da hula. Tsohon ya tofa, ya laluba, ya riƙe dunduniya, ya fizga.

"UMARU!" Namadi ya kurma ihu. "Umaru, sake ni! Umaru, za ka kashe ni!"

Filin ya yi tsit. Wani tsohon maharbi ya saki gorarsa ta faɗi. Gatsau, ba Baba, ba Malam, sunan surukinsa na yanka, har sau uku. Namadi da kansa ya ji abin da ya fito daga bakinsa, ya zare hular daga fuska, ya dubi tsohon, ya mayar da ita.

Baba Umaru ya gama ɗaure gwiwar da rawaninsa, ya goge hannu. Ya sa aka kawo amalanke, ya ɗauki Duna da kansa ya kwantar a kan buhu ya ce a kai shi Wurogauri. Sannan ya yafuto ni.

"Kai, abokinshi. Matso kusa, kai ba surukina ba ne. Kana jina da kyau?"

"Ina ji, Baba."

"Kare na nan wurina. Wanga kuwa ka kai ma Tasalla. Ka ce ta ɗaure shi inuwa, ta ba shi ruwa, kada ta bari shi yi gudu."